Yadda za ka sayi tsohuwar motar soja ka tashe ta ba tare da ta cinye maka jari ba

Tawa Marsandi ce 1017 mai ogzilari, ƙirar 1982, irin waɗanda sojojin Jamus suka yi shekaru suna ɗaukar kaya da dakaru da su. A bayan yadin wasu masu haƙar burtsatse na same ta, aikinsu ya daɗe da tsayawa, ita kuma tana nan ƙarƙashin wata darbejiya shekara shida ba wanda ya murza mata makulli, ganye ya cika bodin har ya ruɓe ya zama taki, taya uku sun kwanta, zanzaro ya yi gini a bakin bututun iska. Da na goge ƙurar mita da yatsa sai na ga kilomita dubu 41 da 'yan kai. A raina na ce ai wannan sabuwa ce, batir kawai za a sa mata a zuba gas a wuce. Dattijon bakaniken da na tafi da shi, wanda tun yana yaron gareji yake kwance injin Marsandi, ya zagaya ta sau biyu bai ce uffan ba, sannan ya durƙusa ya kama tiyon birki ya lanƙwasa, tiyon ya tsage a hannunsa kamar busasshen kara. Ya ɗago ya ce, "Alhaji, injin nan zai tashi in sha Allahu, amma duk wata roba da ke jikin motar nan ta mutu, ka sa wannan a lissafi kafin ka yi tayi."

Wata tara muka yi kafin ta hau titi, kuma wallahi maganarsa ce ta tabbata. Motar soja zama ne ke kashe ta, ba tafiya ba. A bariki ma yawancin rayuwarta a tsaye take, sai an fita atisaye, bayan an sallame ta kuma ta sake wani zaman a filin gwanjo, ta sake wani a wajen wanda ya saya. Shi ya sa ƙarancin kilomita kada ya ruɗe ka, ƙarfen ciki bai ci ba gaskiya ne, amma oyil-sil da tiyo da robobin birki da tayoyi shekaru suke ƙirgawa, ba ruwansu da mita.

Kafin ka fara yawon neman mota, fara zuwa kasuwar kayan gyara. Ni haka nake gaya wa kowa. Ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ko ka kira wanda ka sani a Ladipo ko Nnewi, ka tambayi fistin da ringi da gasket da faranti kuloci na irin motar da ke ranka, in mutum uku a jere suka ce "sai dai a yi oda" to ka canja shawara. Abin da ya sa na tsaya kan Marsandi kenan. Injin da ke cikin 1017 shi ne OM352, silinda shida a jere, lita 5.7, tun 1964 ake ƙera shi, ba kwamfuta ba sensa, injekta ce ta Bosch da nozul shida shi kenan. Shi ne dai injin da ke cikin 911 ɗin nan mai zagayayyen hanci da kowa ya sani, wadda kamfanin ANAMMCO ya riƙa haɗawa a Inugu, wadda aka yi manyan bas ɗin Legas da ake kira molue a kanta, kuma ita ce ta yi shekaru tana jigilar hatsi da shanu a hanyoyinmu. Bambancin kawai na 1017 mai tobo ne, ana ce masa OM352A. Ka ga kenan ko a ƙauye ta tsaya maka za ka samu wanda ya san cikinta. Lambar ma magana take yi: 1017 na nufin ajin tan 10, wato nauyin mota da kayanta a haɗe, da ƙarfin doki wajen 170, 911 kuma tan 9 da doki 110, in ka ga harafin A a jiki to mai jan ƙafa huɗu ce.

Sauran fa? Unimog U1300L ba ta da sa'a a taɓo da rairayi, ita ma dangin injin nan ne a cikinta, amma giyabos ɗinta da aksul ɗinta nata ne ita kaɗai, a bakin kowace taya akwai ƙaramin akwatin giya da ke ɗaga cikinta sama, in ɗaya ya ci ba ka samunsa a kwanar gida, kuma tan biyu kacal aka yi ta ta ɗauka. Ƙaramar Unimog 404 wadda aka ƙera daga 1955 zuwa 1980 fetur take sha, kuma sha ba na wasa ba, ni dai ban ba ka shawara ba sai in ta ajiya kake so. MAN KAT1 mai injin Deutz ɗin nan da iska ke sanyaya shi jaruma ce amma gas ɗinta sai mai babban aiki. Bedford MK da MJ na sojan Ingila suna da sauƙin gyara, matsalar yawancinsu sitiyarin dama ne, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi ta hannun dama kuma doka ba ta yarda da sitiyarin dama ba, juya sitiyarin babbar mota kuwa aiki ne da in aka yi shi da ganganci rai ake sawa a ciki. Ita kuma M35 ta Amurka mai ƙafa goma, notinta duk na inci ne, sufanun garejinka ba za su zauna daidai ba, sannan tsofaffin layin birkinsu ɗaya ne tal, tiyo guda ya fashe birki ya tafi gaba ɗaya.

Sai takardu, kuma a nan ba na sassauci ko kaɗan. Motar soja ba kamar 'yar Kwatano ba ce da za a ce "a hankali za a gyara takardun". In daga waje ta shigo, ka ga takardar kwastan da shaidar biyan diyuti, lambar casis ɗin da ke takarda ta zo daidai da wadda aka buga a jikin ƙarfen casis da wadda ke farantin cikin kai, harafi da harafi, ka kankare fenti da datti ka karanta da idonka kada ka yarda da hoton waya. In a gida aka yi gwanjonta ka ga takardar gwanjon da takardar da ta nuna hukuma ta sallame ta da rasit na kowane hannu da ta bi har ta zo ga wanda zai sayar maka. A halin tsaron da muke ciki, mota mai kama da ta soja wadda ba a san asalinta ba tana iya kai mutum inda bai taɓa tsammani ba, ko nawa aka rage maka ka bar ta. In kuma kai ne za ka yi odarta, a Jamus kamfanin gwamnati mai suna VEBEG ne ke sayar da kayan da soja suka sallama, dillalai na saye a wajensu su sake sayarwa, to ka sani wasu motocin sai an ba da izinin fitar da su daga can, nan kuma kayan da suka shafi soja ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ne ke ba da takardar izinin shigo da su, ka sa ejan ɗinka ya bincika ko taka ta faɗa ciki da maganar shekarunta tun kuɗinka bai bar hannunka ba. Kada kuma wani ya ce zai shigo maka da ita ta ƙasa, a Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta bodar ƙasa. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku sun fi mu sanin darajar irin waɗannan motoci, su ma dai maganar ɗaya ce, duwan da kart giris, wato takardar kwastan da ta rajistar mota, kafin komai.

Ranar duba mota ka je da sassafe, kada ka faɗi takamaiman lokaci, ka tafi da bakanikenka da tocila da ƙaramar guduma da tabarmar da za ka kwanta a kai. Farkon abin da za ka yi ka ɗora hannu a kan inji, in da ɗumi to an riga ka an tashe shi don kada ka ga yadda yake wahalar tashi da sanyi, ka dawo gobe. Daga nan ka shiga ƙasa. Casis shi ne motar, inji ana sauke shi a sa wani, kai ana canjawa, amma casis in ya ruɓe ko ya karye an yi masa walda an shafe da baƙin fenti to ka sayi wahala. Ka bi shi daga gaba har baya kana ƙwanƙwasawa, lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tsaf, ruɓaɓɓe kuma sai ka ji "bus" tsatsa na zubo maka a fuska. Ka fi tsayawa wajen kunnuwan sifirin, da inda akwatin sitiyari ya ɗauru, da inda aka ninka ƙarfe biyu saboda tsatsa na shiga tsakani ta kumbura su. Motocin Turai gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara ne ke cin su, shi ya sa sai ka ga mota fes daga sama ƙasa kuwa ta gama. A kai kuma ka ɗaga shimfiɗar ƙasa, ka duba gindin gilashin gaba, da matakala, da akwatin batir, da bakin ƙofar nan ta rufi wadda soja ke leƙowa ta ciki, robarta na mutuwa ruwan sama ya riƙa sauka kan kujera shekara da shekaru. Tawa nan ne ta fi ci, ƙasan ɓangaren yaron mota da yatsa na huda shi.

In injin na tashi, ka tsaya a baya ka kalli salansa. Ɗan farin hayaƙi da sanyin safiya wanda ke ɗaukewa bayan minti kaɗan ba komai ba ne, wanda ya ƙi ɗaukewa kuwa ko nozul ko ruwa na shiga, shuɗi baƙin mai yake ci, baƙi kuma gas ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, sau da yawa filta ce kawai. Ka buɗe murfin zuba baƙin mai ka ɗora shi a bakin ba tare da ka ɗaure ba, in yana tsalle hayaƙi na bulbulowa to ringi sun tafi. Ka zaro ma'aunin mai, in ya yi kalar shayi da madara ruwa ya haɗu da shi. Ka leƙa lagireto ko akwai mai na yawo a sama ko kumfa na tasowa. Mitar kilomita ana canja ta, don haka ka duba robar totur da ta kuloci da santsin sitiyari, su ba sa ƙarya. In kuma kamar tawa ce ba ta tashi, kada ka bari kowa ya kawo batir ya ce "bari mu gwada". Sufana za a sa a juya injin da hannu zagaye biyu cikakku, in ya juya ba inda ya cije to akwai fata, in ya ƙi motsi ka yi tayi kamar wanda zai sayi mota ba inji.

Maganar kuɗi a taƙaice, ni a ganina duk abin da ka biya ka ware kwatankwacinsa a gefe, in ba ka da shi ka jira. Tayoyi kaɗai sun isa su girgiza ka. Kuma kada ka tuƙo ta gida ko da ta tashi, ka nemi lobed ko a ja ta da sandar ƙarfe, ba igiya ba, a kwance furofela kafin a ja, sannan birkin hannun irin 1017 sifirin ne ke riƙe shi, in babu iska a tanki a kulle yake, sai an sassauta shi ta notinsa ko an ba ta iska daga motar da ke ja.

Da ta iso gareji, kafin a kwance ko noti ɗaya, ɗauki hoto. Ko'ina. Kowace waya, kowane tiyon iska, inda ya fito da inda ya shiga. Ka sayi ledoji da alƙalamin maka, duk abin da aka cire a sa a leda a rubuta, domin aikin wata tara ba wanda zai tuna ina wosha kaza ta fito, yaran gareji kuma suna canjawa. Ka yi yarjejeniya da bakanike kashi-kashi, inji daban, birki daban, waya daban, kada ka ba da kuɗin aiki duka a dunƙule, kuma kayan gyara ka riƙa zuwa saye da kanka ko da tare da shi ne. In za a ɗaga kan motar a kwashe duk abin da ke ciki, a sa giya a firi, a rufe ƙofofi, kuma kada kowa ya sa jikinsa a ƙasa sai an tokare da ƙarfe.

Tashin inji a natse ake yinsa. Mun sauke tanki, abin da ya fito daga ciki baƙin kunu ne mai wari, gas in ya daɗe da ruwa a ƙasansa wani irin yauƙi yake yi da ke toshe komai, aka wanke aka shanya. Aka canja filtocin gas da na mai da na iska, aka zubar da tsohon baƙin mai, aka cire nozul shidan aka kai wa mai gwaji, biyu suna ɗiga maimakon feshi. Ta ramukan nozul ɗin Baba, dattijon bakaniken nan, ya ɗiga mai kaɗan-kaɗan ya bar shi kwana biyu, sannan aka juya da hannu, sannan da kik ba nozul har sai da alurar mai ta motsa, a lokacin ne aka mayar da su aka buga famfon hannu aka cire iska. Abu ɗaya da nake roƙonka kada ka tsallake: a cikin injekta akwai sandar da ke ƙara gas da rage shi, in ta daɗe a zaune tana cijewa, in kuma ta cije a buɗe injin na tashi zai haukace ya yi ta hawa har ya tarwatse, makulli ba ya kashe shi. A tabbatar tana motsi, sannan mutum ɗaya ya tsaya da faffaɗan katako a bakin bututun iska, in ya ji ya wuce ƙima ya toshe. Katako fa, ba tafin hannu ba ba tsumma ba. Ranar da tawa ta tashi, kik na uku ne, ta yi tari ta watso gidan zanzaro da baƙin hayaƙi har sai da masu shayin gefe suka miƙe, sannan ta daidaita tana wannan bugun na Marsandi mai nauyi. Baba ya ɗora kan sukundireba a jikin inji ya kafa kunne a ƙotar ya daɗe yana saurare, sannan ya ce, "Kada a sauke shi, Alhaji, lafiyarsa ƙalau." Kuma ba mu sauke ba har yau. Mutane da yawa na gaggawar yin obahol don kawai inji ya tsufa, alhali fistin ɗin asali da ke ciki ya fi wanda za su sayo.

Lagireto a kai a wanke a gwada, tiyoyin ruwa duka sababbi, fambel sabo, kuma kada ka yarda a cire tamostat a jefar wai don ƙasarmu da zafi, a sa mai kyau dai. Motar an yi ta ne don sanyin Turai, to ka tabbatar iska na ratsa lagireto sosai, ka riƙa kallon alurar zafi a watan Afrilu.

Birki shi ne inda na fi kashe kuɗi kuma ban yi da-na-sani ba. Irin waɗannan iska ce ke tura mai, wato kana da matsalar gida biyu. Ta ɓangaren mai, man birki na shan danshi, shekara shida a tsaye ya sa masta da kofunan cikin taya duk sun yi tsatsa, don haka ba maganar "a canja wanda ke yoyo", duka ake buɗewa, robobi sababbi, tiyoyi sababbi, bututun ƙarfen da ya yi ƙuraje a canja shi, a zuba irin man da aka rubuta a murfi kada a gauraya. Ta ɓangaren iska kuma ka ja zoben da ke ƙasan kowane tanki, ruwa zai fito, in ka ga baƙin mai na biyo shi to kwamfuresa ta gaji. A cika iska a kashe inji a zauna shiru a saurara, a bi mahaɗai da ruwan omo, inda ya yi kumfa nan ne. In ka kwana ka tashi alura ta faɗi ƙasa warwas to da sauran aiki. Sannan dan Allah ka hana yara hure ƙurar cikin duram da iskar kwamfuresa, tsofaffin lainin birki da na kuloci akwai asbestos a ciki, yana lalata huhu ne a hankali ba a sani ba, a jiƙa da ruwa a goge.

Tayoyi ko da zanensu bai ci ba ka duba shekarunsu. A gefen taya bayan haruffan DOT akwai lamba huɗu na ƙarshe, in ka ga 2315 to sati na 23 ne na 2015, in lamba uku ce kacal tun kafin 2000 aka yi ta, wannan ko sufiya ba ta cancanta ba. In wilinka mai zobe ne ka kai wa mai facin da ya saba da manyan motoci, a ɗaure da sarƙa ko a sa a keji kafin a ba da iska, kowa ya kauce daga gabansa, zoben nan in ya ƙwace kisa yake yi. A canja man giyabos da na akwatin ogzilari da na aksul gaba da baya, ka tsaya ka ga abin da ke fitowa, ɗan laushin ƙarfe a maganaɗisun noti ba komai, gutsattsari kuwa a buɗe. A bi duk kan giris a buga, wanda ya toshe a canja shi, a duba boris na kowace taya.

Lantarkinta volt 24 ne, batir biyu a haɗe. Kuskuren da kusan kowane rewaya ke yi shi ne ya ja waya daga batir ɗaya don rediyo ko cajin waya, wata uku batir ɗin ya mutu ya ja ɗan'uwansa. Ka sayi ƙaramar na'urar da ke sauke 24 zuwa 12, ba tsada. Akwai kuma makunnin fitilun ɓuya na soja, in aka murɗa shi wani wuri sai fitilu da na birki duk su ɗauke, mun yi yini guda muna neman wayar da ta tsinke ashe shi ne. A cire shi daga layi gaba ɗaya. Duk lokacin da za a yi walda a jikin mota a cire kan batir.

Wajen bodi ka tsaya a kan mai walda. Casis ɗin waɗannan motoci an yi shi ne ya riƙa murɗewa a kan gargada don tayoyi su ci gaba da taɓa ƙasa, in aka kafa masa bodi sandandan aka bi da walda to ko bodin ya tsage ko casis ɗin. A bi yadda na asali ya zauna, da noti da sifirin ɗinsa, ba walda a jikin casis, ba huda leɓensa na sama ko na ƙasa. Kuma ka tuna tan biyar aka yi 1017 ta ɗauka, na san halinmu da lodi, amma mota ce mai tsayi, in ka tula mata buhuna har sama ka shiga hanyar da ta karkace za ta kwanta.

Fenti shi ne na ƙarshe, duk da na san shi ne zuciya ke so a fara. A Turai da Amurka masu sha'awar irin waɗannan motoci mayar da su suke yi kalar soja sak har da lambobin runduna, su je taro da su. A Najeriya kada ka kuskura, akwai doka tun zamanin mulkin soja da ta hana farar hula fenta mota koren soja, ko babu doka ma kai ka san abin da zai faru a shingen bincike na farko. Duk wata alama da lamba da mariƙin bindiga da ke cikin kai a cire, ni nawa na zuba su a akwati na adana tare da hotunanta na ranar farko saboda tarihinta ne, farantin kamfani kawai na bari a inda yake. Wajen kankare tsohon fenti a sa takunkumin kirki a yi a fili, fentin soja da abin da ke ƙarƙashinsa akwai guba, musamman in wuta ta taɓa shi. A kashe tsatsa, a shafa jan fenti na ƙasa, sannan kala. Tawa fara ce da shuɗin bodi, daga nesa kowa ya san ta 'yan kasuwa ce. Daga nan sai lamba da inshora da takardar bi'ayo, kai ma lasin ɗinka ya zama na ajin babbar mota, kwafin takardun gwanjo da na kwastan kuma kullum suna cikin mota a leda.

Fitar farko kada ka yi lodi kada ka yi nisa. Ba motar gudu ba ce, tamanin ta ishe ka, makullin aksul kuma na taɓo da yashi ne, ka sa shi kafin ka shiga ka cire da ka fito, a kan kwalta yana karya ƙarfe. Bayan kilomita hamsin ka tsaya ka sake ɗaure notin tayoyi, ka zagaya kana taɓa kowane duram da bayan hannu, wanda ya fi sauran zafi birkinsa na kamawa ko boris ne, ka leƙa ƙasa ka ga ko wani abu na ɗiga. Mu a tamu fitar duram ɗin baya na hagu ne ya yi zafi, muka dawo aka sassauta, sati na gaba ta shiga fadama cikin ruwan Agusta ta fito da buhun masara arba'in inda tarakta kaɗai ke shiga. Tun daga nan ko ba aiki, duk sati biyu sai na tashe ta na zagaya da ita har inji ya yi zafi, na taka birki sau da yawa, na sa ogzilari a kan turɓaya na cire, da yamma kuma yaron mota ya ja zoben tankunan iska ya zubar da ruwan kafin a rufe ta.